Kwalarar da Ta Biyo Kogi: Nazarin Lamarin Wani Yankin Manoman Shinkafa a Haiti, 2010 zuwa 2022

Yankin kafin annoba

Yankin da wannan nazari ya bi sawunsa jerin ƙauyuka ne na manoman shinkafa a ƙasan kogin Artibonit, babban kogin ƙasar Haiti, daf da inda yake faɗawa teku. Daga wata madatsa da ke sama ake karkatar da ruwan kogin zuwa manyan magudanai, su rarrabu zuwa ƙanana, su shiga fadamun shinkafa. Ruwan da ake ban gona da shi, da shi ake wanka da wanki, kuma a gidaje da yawa shi ake sha. Manomi kan yini tsamo-tsamo cikin fadama, in ƙishirwa ta kama shi ya kamfata da hannu ya sha ya ci gaba da aiki.

Hannun ƙasashen waje ya daɗe da taɓa wannan kwari. A 1994 sojojin Amurka suka mayar da hamɓararren Shugaba Jean-Bertrand Aristide kan mulki, a shekarar da ta biyo kuma Haiti ta zabge harajin shigo da shinkafa daga kashi 35 cikin 100 zuwa kashi 3, bisa matsin Amurka da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Shinkafar Amurka, wadda gwamnatinsu ke tallafa wa nomanta, ta cika kasuwa da araha, ta gida ta yi kwantai. A watan Maris na 2010 Bill Clinton, wanda shi ne shugaban Amurka a wancan lokacin na zabge harajin, ya faɗa a gaban wani kwamitin majalisar dattawan Amurka cewa wannan manufa kuskure ce, ta amfani manoman jiharsa ta Arkansas amma ba ta amfani Haiti ba.

Ta fannin ruwa ma akwai tarihi. A 1998 bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya amince da bashin dala miliyan 54 don gyara ruwan sha a garuruwan Haiti, sai aka riƙe kuɗin shekaru saboda rikicin siyasa kan zaɓen 2000. Zuwa 2008, kashi 17 cikin 100 ne kacal na 'yan ƙasar ke da masai ingantacce, kashi 63 ke samun ruwa daga tushe mai kariya. Babu ko tashar tace ruwan bahaya ɗaya a duk ƙasar.

Duk da wannan ƙazanta, an fi shekara ɗari ba a ga kwalara a Haiti ba. Wannan na nufin abu biyu: babu mai garkuwarta a jiki, kuma babu likita ko malamar jinya a ƙasar da ta saba da ita.

Rundunar wanzar da zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, MINUSTAH, ta shigo ne a 2004, bayan hamɓarar da Aristide karo na biyu. Girgizar ƙasar 12 ga Janairu 2010 ba ta rusa kwarin ba, amma ta koro dubban mutane daga Port-au-Prince, babban birnin ƙasar, zuwa gidajen danginsu a can, bakuna suka ƙaru a kan ruwan da ba shi da tsafta.

Oktoban 2010: sansani a saman kogi

Daga 8 ga Oktoba wata sabuwar tawagar sojojin Nefal ta fara isowa sansanin MINUSTAH da ke kusa da garin Mirebalais, can sama da yankin. A watan Satumba an yi fama da kwalara a Katmandu, babban birnin Nefal. An duba lafiyar sojojin kafin tafiya, amma ba a yi musu gwajin kwalara ba, saboda ƙa'idar lokacin ba ta buƙaci gwaji ga wanda ba ya gudawa. Matsalar ita ce mafi yawan masu ɗauke da ƙwayar ba sa nuna alamar komai, alhali tana fita a bahayarsu har kwana goma.

Sansanin yana bakin wani rafi ne mai suna Meye, wanda ke zuba cikin Artibonit. Ana tara bahayar sojoji a tankuna shida, kowanne mai cin lita 2,500. In sun cika sai wani ɗan kwangila ya zo da motar yasa ya kwashe, ya kai wani buɗaɗɗen rami a kan tudu ya juye. Ramin ba shinge, kuma in an yi ruwan sama yana tumbatsa ya gangaro wajen rafin. Bututun da suka haɗa bandakunan sansanin ma an yi su ne a gaggauce, wasu na yoyo cikin wata lambatu da ke bi ta rafin.

Tsakiyar watan aka fara samun masu amai da gudawa a ƙauyen da ke maƙwabtaka da sansanin. Daga can ruwa yana isa babban kogi cikin 'yan sa'o'i, ya kai madatsar da ke raba magudanan fadama cikin kwana ɗaya zuwa biyu. A ranakun 19 da 20 ga Oktoba cutar ta fashe a ƙasan kogi. Ba ta bi gida-gida a hankali ba kamar yadda ta saba. Ƙauyuka da yawa ne suka kamu lokaci guda, duk a bakin magudanai, kuma manya majiya ƙarfi masu aikin gona ne suka fi faɗuwa. Cikin kwana biyu an ƙirga sama da mutum 3,000. Asibitin gwamnati na Saint-Marc, mafi kusa da yankin, ya cika har aka shimfiɗe marasa lafiya a tsakar gida, ana rataye ledar ƙarin ruwa a duk inda ƙusa ta samu. Ranar 22 ga Oktoba gwamnati ta tabbatar wa duniya cewa kwalara ce.

Makonnin farko: abin da ya ceci rai

Kwalara tana kisa ne ta hanyar tsiyaye ruwan jiki. Babba mai tsananin cutar yana iya zubar da kusan lita ɗaya cikin sa'a guda, gudawar fara fat kamar ruwan wankin shinkafa. In ba magani, kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabin masu tsananin cutar suna mutuwa, wasu cikin yini ɗaya. In da magani, ba a rasa ko mutum ɗaya cikin ɗari.

Maganin kuwa ba shi da tsada. Mai iya sha ana ba shi ruwan gishiri da sukari, ƙunshi ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, yana kurɓa ba ƙaƙƙautawa ko da yana amai. Wanda ya galabaita, ido ya faɗa, bugun jini ya ɓace, ana ɗaura masa ƙarin ruwa na Ringer: mililita 100 kan kowane kilo na nauyinsa cikin sa'a uku, kusan kashi ɗaya cikin uku a rabin sa'ar farko. Mutum mai kilo 60 ke nan zai buƙaci lita shida kafin a fara lissafin abin da yake ci gaba da zubarwa. Wannan lissafi shi ya kayar da asibitoci da dama a makon farko: ma'aikatan da ba su taɓa ganin kwalara ba suna sa ɗigo a hankali kamar na mai zazzaɓi, mara lafiya na mutuwa da allura a hannu.

Cibiyar jinyar kwalara tana da tsarinta. Gado mai rami a tsakiya da bokiti a ƙasa, wani bokitin a gefen kai don amai. Ƙofar shiga daban, ta fita daban, kowacce da wurin tsoma ƙafa. Ruwan kulorin kala uku: mai ƙarfin kashi 2 cikin 100 don bahaya da amai da gawa, mai kashi 0.2 don daɓe da gadaje, mai kashi 0.05 don wanke hannu. Ƙungiyar likitoci ta MSF da tawagar likitocin Kyuba, waɗanda dama suna ƙasar, su suka ɗauki mafi yawan marasa lafiya a watannin farko, tare da ma'aikatan jinya 'yan ƙasa da suka koyi aikin a tsaye.

Abin da ya fi kashe mutanen yankin shi ne nisa. Hanyoyin fadama taɓo ne, kuma guguwar Tomas da ta sauka ranar 5 ga Nuwamba ta ƙara malale su. Mutum ya fara gudawa da dare, kafin a samu masu ɗaukarsa a kan ƙyauren ƙofa zuwa bakin titi, rai ya yi halinsa. Da aka gane haka sai aka koma buɗe ƙananan wuraren ba da ruwan gishiri da sukari a cikin ƙauyuka, inda mutum zai fara sha kafin a tura shi gaba. Wanke gawa ma ya yaɗa cutar, har sai da aka kafa masu ɗaukar gawa da ke toshe kafofinta da auduga mai kulorin.

Alƙaluman da Haiti ta kai wa Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kusan mutum 180,000 da suka kamu a 2010, kusan 4,000 suka rasu, wato sama da biyu cikin ɗari. A 2011 waɗanda suka kamu sun haura 340,000, mamata kuma ƙasa da 3,000, wato ƙasa da ɗaya cikin ɗari. A shekarun biyu Haiti kaɗai ta ɗauki fiye da rabin kwalarar da aka rubuta a duniya. Binciken gida-gida da aka yi daga baya ya nuna mutane da yawa sun mutu a ƙauyuka ba tare da sun shiga kowane lissafi ba.

Ƙarshen 2010: musu da fushi

Tun kwanakin farko mutanen Mirebalais suka nuna sansanin da yatsa. MINUSTAH ta fitar da sanarwa cewa tankunanta a rufe suke kuma sun cika ƙa'ida. Ranar 27 ga Oktoba 'yan jarida suka je suka ga bututu mai yoyo da ramin da ke kan tudu. Ranar 1 ga Nuwamba hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce ƙwayar irin ta kudancin Asiya ce. Wani masanin annoba ɗan Faransa, Renaud Piarroux, da gwamnatin Haiti ta nemi taimakonsa, ya bi cutar daga ƙasan kogi har zuwa ƙauyen da ke gindin sansanin.

Matsayin manyan hukumomi a lokacin shi ne neman asalin cutar ɓata lokaci ne, a mai da hankali kan jinya. Wasu masana kuma suka kawo wata fassara: ƙwayar dama tana kwance a ruwan gaɓar teku, yanayi ne ya tashe ta. Wannan fassara ba ta iya bayyana dalilin da ya sa cutar ta fara daga tudu ta gangaro teku ba.

Da aka bar tambayar ba amsa, jama'a suka cike gurbin da kansu. A Saint-Marc matasa sun jefi wata cibiyar jinya da ake ginawa kusa da makaranta, don tsoron za a kawo musu cutar. Tsakiyar Nuwamba aka yi tarzomar ƙin jinin MINUSTAH a birnin Cap-Haïtien da ke arewacin ƙasar, aka rasa rayuka, kayan jinya suka maƙale kwanaki. A kudu maso yammacin ƙasar aka yaɗa cewa masu tsafin Vodu, addinin gargajiyar ƙasar, ne ke barbaɗa cutar a ruwa, aka kashe aƙalla mutum 45 kafin ƙarshen shekara. A tsakiyar wannan aka yi zaɓen shugaban ƙasa na 28 ga Nuwamba, wanda ƙasashen da ke biyan kuɗinsa suka dage a yi shi a kan lokaci.

A fadamun yankin kuwa, 'yan ƙwadago sun ƙi shiga ruwa a daidai lokacin girbi, masu saye a birni suka guji amfanin gonar kwarin. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi gargaɗi a watan Disamba cewa za a yi asarar shinkafa mai yawa.

2011 zuwa 2013: rahoto, ƙorafi da rigar kariya

Kwamitin masana huɗu da Babban Sakatare Ban Ki-moon ya naɗa ya miƙa rahoto a watan Mayun 2011. Ya tabbatar cewa cutar ta fara ne daga gurɓatar rafin Meye da bahayar ɗan Adam, kuma tsaftar sansanin ba ta isa ta hana hakan ba. Sai dai ya rufe da cewa haɗuwar abubuwa da yawa ce ta jawo annobar, ba laifin wani mutum ko wata ƙungiya ba ne. Wannan jimla ta ƙarshe ita Majalisar ta riƙe shekara biyar. A cikin shekarar aka kwatanta ƙwayoyin halittar kwalarar Haiti da ta Nefal aka ga kusan abu ɗaya ne, kuma a 2013 mambobin kwamitin da kansu suka rubuta cewa ma'aikatan sansanin ne mafi kusantar zama tushen cutar.

A Nuwamban 2011 lauyoyi suka shigar da ƙorafi a madadin mutum 5,000, suna neman diyyar dala 100,000 kan kowane mamaci, 50,000 kan wanda ya yi jinya, da gina tsarin ruwa, da neman afuwa a bainar jama'a. A nan wani giɓi ya bayyana. Yarjejeniyar 1946 ta ba Majalisar Ɗinkin Duniya rigar kariya daga kotunan ƙasashe, amma sashe na 29 ya wajabta mata samar da hanyar sasanta ƙorafin mutanen da ta cutar. Yarjejeniyar da ta ƙulla da Haiti a 2004 ma ta tanadi kafa hukumar sauraren irin wannan ƙorafi. Ba a taɓa kafa ta ba. A Fabrairun 2013 Majalisar ta amsa cewa ba za ta karɓi ƙorafin ba, don duba shi zai kai ga duba al'amuran siyasa da manufofi. Gwamnatin Haiti, wadda ke da ikon neman a kafa hukumar, ba ta nema ba. Tsaronta yana hannun rundunar da ake ƙara.

2012 zuwa 2013: rigakafi, da babban shirin da bai samu kuɗi ba

A 2010 hukumomin lafiya sun ƙi amfani da rigakafin kwalara, saboda abin da ke akwai a duk duniya bai wuce 'yan dubban ɗaruruwa ba. Bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wani mai araha, Shanchol, a Satumban 2011, ƙungiyoyin lafiya biyu masu aiki da ma'aikatar lafiyar Haiti suka gwada shi a 2012 kan kusan mutum 100,000, kusan rabinsu a ƙauyukan shinkafa na ƙasan Artibonit. Ana shan sa ne sau biyu, tsakani mako biyu, kuma sai an riƙe shi cikin sanyi. An fara da ƙidayar gida-gida, aka ba kowa kati, aka yi amfani da mutanen ƙauyukan wajen bibiya, shi ya sa kusan tara cikin goma suka dawo shan na biyu. Kariyar da ya bayar ta kai kusan kashi 65 cikin 100. Gwajin ya taimaka wajen kafa rumbun rigakafin kwalara na duniya a 2013. Amma kariyarsa ta 'yan shekaru ce, kuma bai canza ruwan da ke cikin magudanai ba.

Abin da zai canza ruwan shi ne shirin shekara goma, 2013 zuwa 2022, na dala biliyan 2.2, wanda mafi yawansa na famfo ne da masai da tashoshin tace bahaya. Bai samu ko kusa da kuɗinsa ba. A shekarar kuɗi ta 2011 zuwa 2012 kasafin MINUSTAH kusan dala miliyan 800 ne, kuma dole ne ƙasashe su biya shi. Kuɗin ruwa kuwa sai wanda ya ga dama. Haka kuma daga kuɗin agajin gaggawa da aka zuba bayan girgizar ƙasa, abin da ya bi ta hannun gwamnatin Haiti bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Hukumar ruwan ƙasar, DINEPA, da aka kafa a 2009, ta kasance tana kallon ƙungiyoyi ɗaruruwa suna haƙa rijiyoyi da raba ruwa da tanka, kowace da tsarinta. Da kuɗin gaggawa ya ja baya a 2012, ƙungiyoyi da yawa suka naɗe tabarmarsu, cibiyoyin jinya suka rufe, damina ta zo cutar ta sake tashi.

2013 zuwa 2016: tawagogin gaggawa

A tsakiyar 2013 ma'aikatar lafiya, da tallafin UNICEF, ta koma wata dabara mai sauƙin kuɗi. Tushenta shi ne lura da cewa cutar tana raguwa sosai da rani ta maƙale a 'yan wurare, daga nan take sake bazuwa da damina, kuma maƙwabtan mara lafiya su ne suka fi shiga haɗari a kwanakin farko. Saboda haka maimakon a jira marasa lafiya a asibiti, sai a bi kowannensu gida.

Kowane mako ana tattara alƙaluman cibiyoyin jinya a ba kowace ƙaramar hukuma launi gwargwadon tsananin cutar: ja, ruwan lemo ko kore. Kowace jiha tana da tawagar ma'aikatar lafiya mai malaman jinya, a haɗa ta da tawagar wata ƙungiya mai mota da kayan ruwa. Da zarar an kwantar da mara lafiya, a rubuta inda ya fito, tawaga ta isa gidan kafin sa'a 48. A can za su fesa kulorin a masai da shimfiɗa, su ba mutanen gidan ƙwayar doksisaikilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, sau ɗaya, miligiram 300 ga babba, su zagaya gidajen da ke kewaye su raba sabulu da ƙwayoyin kulorin na tace ruwa da ƙunshin gishiri da sukari, su nemi wasu masu gudawa da ba su je asibiti ba. Sannan su tambayi inda ake ɗebo ruwa. In rijiya ce ko magudana, a ajiye mutum a wurin na 'yan kwanaki yana zuba kulorin a kowane bokiti. Ma'aunin shi ne bayan minti 30 a samu ragowar kulorin miligiram 0.5 a lita. Ruwan magudana mai laka sai an ninka masa.

Inda aikin ya riƙa lalacewa sananne ne. Mara lafiya ya ba da adireshin ƙarya don kunya. Mota ba mai. Albashin tawaga ya yanke tsakanin ƙarewar wani tallafi da farawar wani. Kulorin ya yi yawa ruwa ya yi wari, mutane su zubar su koma kogi. Shi ya sa alƙaluma suka sake hawa: kusan 27,000 a 2014, 36,000 a 2015, 41,000 a 2016, shekarar da guguwar Matthew ta afka wa kudancin ƙasar. Wani bincike a jihar da Mirebalais take ya kwatanta ɓarkewar da aka isa cikin yini ɗaya da wadda aka yi fiye da mako guda ba a isa ba: a ta farko yawan masu kamuwa ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu.

2016: kotu, afuwa da asusu

Ƙarar da lauyoyin waɗanda cutar ta shafa suka kai Majalisar a kotun tarayya a Niyok a Oktoban 2013 an kore ta a Janairun 2015, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da korar ranar 18 ga Agustan 2016, bisa rigar kariya. Gwamnatin Amurka ce ta tsaya wa Majalisar a kotun. A cikin watan ne rahoton Philip Alston, mai bincike na musamman na Majalisar kan talauci, ya fito, inda ya ce matsayin ƙungiyar ba za a iya kare shi a shari'ance ba, bai dace da ɗa'a ba, kuma ita kanta yake cutarwa. Binciken cikin gida na Majalisar ya kuma nuna cewa shekaru bayan annobar wasu sansanonin MINUSTAH na ci gaba da zubar da ƙazanta a magudanan jama'a.

Ranar 1 ga Disamba 2016 Ban Ki-moon ya nemi afuwar mutanen Haiti. Ya ce Majalisar ba ta yi abin da ya isa ba game da ɓarkewar cutar da yaɗuwarta. Bai ce ita ta kawo ta ba, kuma ya kira nauyin na ɗa'a, ba na shari'a ba. Aka sanar da asusun dala miliyan 400: rabi don yaƙi da cutar, rabi don tallafa wa waɗanda ta shafa. Na sa-kai ne. Zuwa 2020 abin da aka tara kusan dala miliyan 21 ne, kashi 5 cikin 100. Ba iyalin da aka ba diyya a hannu. An yi 'yan ayyukan gayya a wasu garuruwa.

2017 zuwa 2022: ƙarewa da dawowa

Bayan 2016 aka ƙara yawan tawagogi aka daidaita biyansu. Masu kamuwa suka sauka zuwa kusan 13,700 a 2017, kusan 3,800 a 2018. Mutum na ƙarshe da gwaji ya tabbatar an same shi ne a farkon Fabrairun 2019, a ƙasan Artibonit ɗin nan. Jimilla sama da mutum 820,000 suka kamu, kusan 10,000 suka rasu. MINUSTAH ta riga ta tattara ta tafi a Oktoban 2017.

Shekara uku da rabi ba kwalara. A tsakani aka kashe Shugaba Jovenel Moïse a Yulin 2021, aka rage tawagogi saboda ba kuɗi kuma ba cuta. A Satumban 2022 'yan daba suka datse babbar tashar man fetur ta Port-au-Prince, injinan tura ruwa da motocin tanka suka tsaya. Ranar 2 ga Oktoba aka tabbatar cutar ta dawo a babban birnin, daga baya ta isa kwarin. Gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna jikar ta 2010 ce.

Hukunci

Masu kare tsoma bakin waje suna da hujja a wannan lamari, kuma ba ƙarama ba ce. Ayyukan MINUSTAH a Cité Soleil, wata unguwar talakawa a babban birnin, a 2006 da 2007 sun karya 'yan daba na wani lokaci, kuma abin da ya biyo bayan tafiyarta bai nuna ƙasar ta fi zama lafiya ba. Likitocin waje ne suka sauko da mace-mace daga sama da biyu cikin ɗari zuwa ƙasa da ɗaya. Kuɗin waje ne ya sa mai a motocin tawagogin. Gaskiya ne kuma da Haiti tana da famfo da masai, ƙwayar da ta mutu a inda ta faɗi; ta tsallaka maƙwabciyarta Jamhuriyar Dominika tun Nuwamban 2010 amma ba ta yi irin wannan ɓarna ba.

Sai dai wannan hujja ta ƙarshe tana juyowa kan mai ita. Rashin famfo da masai ba sirri ba ne, yana cikin alƙaluman Majalisar kanta. Wanda ya san haka ya kafa ramin bahaya a saman kogin da ake sha, sakacinsa ya fi nauyi. Kuma raunin hukumomin ƙasar da ake kafa hujja da shi, hannun waje na da kaso a cikinsa: bashin ruwan da aka riƙe, harajin shinkafar da aka zabge, agajin da ya kewaye gwamnati.

Shigowar ƙwayar sakaci ne da gwaji ko maganin kuɗi kaɗan da ramin kirki za su iya hanawa. Shekara shida na musu kuwa zaɓi ne, kuma ya yiwu ne saboda babu wata kotu ko majalisa ko akwatin zaɓe da manomin kwarin zai kai rundunar gabansa. Ta amsa wa Kwamitin Sulhu da masu biyan kuɗinta. Musun ya ci rayuka a tarzoma da kisan masu Vodu, ya kuma sa jama'a sun ƙi yarda da masu kawo musu magani.

Abin da ya yi aiki ya bambanta da sauran ta fuska ɗaya: ma'aikatar lafiyar ƙasar ce ke riƙe da alƙaluma da tawagogi, ma'aikatan 'yan ƙasa ne masu jin yaren mutane, na waje suna biya suna ba da shawara. Rauninsa shi ne kuɗin na shekara-shekara ne, kuma ya kashe wuta ne bai gina ruwa ba, shi ya sa da mai ya yanke a 2022 ba abin da ya tsaya tsakanin ƙwayar da bokitin mutane.

A Oktoban 2023 Kwamitin Sulhu ya amince da sabuwar runduna ƙarƙashin jagorancin Kenya, wadda 'yan sandanta na farko suka sauka a Yunin 2024. Ƙudurin da ya kafa ta, mai lamba 2699, ya buƙaci ƙasashen da ke tura jami'ai su kula da ruwan bahayarsu don kada su shigo da cuta.